Likita ya ba Hajiyarmu zaɓi: ƙwaya duk mako ko ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali nake nema. Mahaifiyarmu shekarunta 67. Wata uku da suka wuce santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Faɗuwar ba wata babba ba ce, shi ya sa likitan ƙashi ya tura mu hoton auna ƙarfin ƙashi da ake kira DEXA. Sakamakon ya nuna -2.9, ya ce daga -2.5 zuwa ƙasa ƙashi ya zaizaye ke nan. Ya ce mu zaɓa: ko ƙwayar alendronate sau ɗaya a mako, ko ƙarin ruwa na zoledronic sau ɗaya a shekara. Abin da ya ɗaure mini kai, Hajiya tana da olsa da ƙwannafi mai tsanani, kuma a ƙauye take zaune, ni ina Kano, babu mai tsaya mata kan shan magani. Wanda ya gwada ɗaya daga ciki don Allah ya faɗa mini yadda ta kasance.

Baban Halifa:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Sanyin ƙashi ne, duk tsofaffinmu suna fama da shi. A samo man zaitun da habbatus sauda a riƙa shafa mata da dare, ta daina wanka da ruwan sanyi.

Anti Larai:
Ki karɓi ƙwayar kawai 'yar'uwa, ta fi sauƙin kuɗi. Shekarata biyu ina sha. Ranar Juma'a na ware mata don kada in manta. Da safe ciki babu komai, da ruwa kofi guda cike, ba shayi ba, ba koko ba. Sannan rabin awa ba kwanciya ba sunkuyo. Da farko kafin sallar asuba nake sha, sai na ji ƙirjina kamar an zuba barkono, ashe ruku'u da sujada ne ke dawo da ita. Yanzu sai na sallame nake haɗiya, in zauna in yi lazimi har gari ya waye. Kwalin guda huɗu dubu huɗu da ɗari biyar nake saye.

Maman Ilham:
Na gode Anti. To ai ƙirjin ne abin tsorona, ita da ko kunun tsamiya ta sha sai ta kwana a zaune. Baban Halifa, ba ciwon gaɓɓai ba ne wannan, ƙashin ne kansa ya yi rauni. Likita ya ce ba ya ciwo sai ranar da ya karye.

Uwar Biyu:
Maman Ilham, ki yi haƙuri zan yi tsawo, abin yana cina har yau. Innarmu ma haka aka ce mata a 2021. Yayanmu da ke aiki a waje ya ce ba ƙwaya ba ƙarin ruwa, akwai allura mai suna Prolia, duk wata shida sau ɗaya, ita ce ta zamani. Muka yi murna. A cikin kula da ƙanƙara ake kawo ta don ba ta son zafi, mu ajiye a firjin maƙwabcinmu mai sola har ranar yi. An yi mata sau biyar, ta warware, har Umra ta je da ƙafarta.

Sai Naira ta faɗi a 2023, shi kuma yaya aikinsa ya tsaya. Da lokacin ta shida ya zo muka tambayi kuɗinta a nan, muka ji abin da ya fi ƙarfinmu. Muka ce ai ta ji sauƙi, bari a ɗan jinkirta zuwa bayan girbi. Wallahi babu wanda ya taɓa ce mana ba a tsayar da wannan allura haka kawai. Wata biyar da wucewar lokacin, tana ɗaga bokitin alwala ta yi ƙara ta durƙushe. Hoto ya nuna ƙashin bayanta ya lotsa wuri uku. Sai a ranar wani likita ya ce mana duk wanda zai bar allurar nan dole a ɗora shi kan wani maganin, irin ƙwayar da aka faɗa miki ko ƙarin ruwan, in ba haka ba ƙashin yana komawa baya da sauri. Matar da take tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, yau a zaune take sallah, ta rankwafa, tsawonta ma ya ragu. Ni ce mai yi mata wanka. Kullum in na ɗaga ta sai na tuna da bakina na ce a bari sai bayan girbi.

Anti Larai:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada ki ɗora wa kanki, Uwar Biyu, ba ki sani ba. Allah ya sa kaffara ne.

Ɗan Sabon Gari:
Kun gani ko? Maganin Bature ke nan, ya kama ka ba ya saki. Kakata ta haura tamanin, fura da nono da miyar kuka kawai, ko yatsa ba ta taɓa karyawa ba.

Uwar Biyu:
Malam, ban ce maganin bai yi aiki ba. Ya yi. Rashin bayani ne ya cuce mu. Da an faɗa mana tun ranar farko da ko gona ce mun sayar.

Baban Halifa:
To wane asibiti ne suka yi muku wannan sakaci? Ki faɗa mutane su sani.

Uwar Biyu:
Ba zan kama suna ba. Mun bar su da Allah.

Famasis Na Zariya:
Uwar Biyu ta faɗi gaskiya kan allurar, sunanta na asali denosumab, kuma ba a son a wuce lokacinta. Amma ba ta cikin abin da aka ba Maman Ilham zaɓi, kada mu rikita ta. Maman Ilham, ga abin da na sani daga aiki. Mai ƙwannafi mai tsanani, ga shi babu mai sa ido ya ga ta zauna rabin awar nan, ƙwayar za ta iya ƙona mata hanyar abinci, kuma da yawa daga irinsu watsar da ita suke yi. Ƙarin ruwan ba ya bi ta ciki. Miligiram 5 ne, ana sa shi a hankali, ba ƙasa da minti 15 ba. Sai dai kafin a sa dole a auna ƙoda, a auna kalsiyam da bitamin D a jini, in sun yi ƙasa a fara gyara su. In tana da haƙorin da ke son cirewa a cire tukuna ya warke, saboda akwai matsalar muƙamuƙi da kan biyo baya, ko da yake ba kasafai ba. Ki kuma shirya wa zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku bayan na farko.

Hajiya Ta Gwammaja:
Zazzaɓin nan gaskiya ne. Ni da aka sa mini na ɗauka maleriya ce ta kama ni, kwana biyu ina rawar ɗari, farasitamol kawai aka ce in sha. Na shekara ta biyu ko a jikina. Dubu ɗari biyu da ashirin yarana suka biya.

Mai Kemis:
Haba Hajiya, an yanke ku. Zoledronic dubu ashirin da biyar ne, ko gobe ake so zan kawo.

Na Maraɗi:
Mu nan Nijar jaka talatin da biyar, wato sefa dubu talatin da biyar, na saya wa gwaggona bara. Da takardar likita.

Ɗan Sabon Gari:
Na Maraɗi, jaka talatin da biyar ɗinku in aka canza zuwa Naira ai sai an zo da buhu da ɗan dako.

Na Maraɗi:
Ku dai ku riƙe buhun, mu mu riƙe jakar.

Famasis Na Zariya:
Mai Kemis, duba kwalbarka. Na tabbata miligiram 4 ce, wadda ake ba masu ciwon daji da ya taɓa ƙashi. Ta Hajiyar Gwammaja mai 5 ce, wataƙila samfurin Aclasta, shi ya sa kuɗin ya bambanta. Ba a musanya su a kan kanta, sai abin da likita ya rubuta.

Mai Kemis:
Shekarata goma sha takwas a wannan sana'a, ba yaron da ya fito jami'a jiya ne zai koya mini magani ba. Huɗu da biyar ɗaya ne ya raba su.

Anti Larai:
To mu yanzu wa za mu bi? Kowa ya ce shi ne masani. Ni dai wanda ya sha da bakinsa na fi yarda da shi.

Uwar Biyu:
Anti, mu ma wanda ya ce ya sani muka bi, ɗan'uwanmu ne ma uwa ɗaya uba ɗaya. Maman Ilham, ko me za ki zaɓa, ki tambayi likitan abu biyu a gaban Hajiya: shekara nawa za ta yi a kai, kuma me zai faru ranar da kuɗi ya yanke.

Maman Ilham:
Na rubuta su, Allah ya saka. Famasis, maganar ƙoda ta tuna mini wani abu. Hajiya ta fi shekara shida tana shan wani haɗi na ciwon gwiwa da take aika yara su sayo a kemis ɗin ƙauyen, ƙwayoyi huɗu a ƙulle a leda, babu suna. Ta ce in ta sha har daka take yi. Fuskarta ta yi ɓul-ɓul, muna cewa hutu ne. Ban faɗa wa likita ba, ban ɗauka magani ba ne da za a lissafa.

Famasis Na Zariya:
Subhanallah. Ki karɓo leda ɗaya ki kai wa likitan ya gani da idonsa. Irin wannan haɗin sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, kuma su ne kan gaba a magungunan da ke cinye ƙashi. In akwai maganin ciwo na diclofenac kuma, ga dalilin olsarta nan, ga kuma haɗari ga ƙoda. Amma kada ki ƙwace mata rana ɗaya, wanda ya daɗe yana sha a hankali ake janye masa, yankewa kwatsam tana da haɗari.

Hajiya Ta Gwammaja:
Dexamethasone ɗin nan, wato dexa, ba ita ce sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki ba? 'Yar maƙwabciyata shekara ashirin da uku, ta kumbura kamar an hura ta, yanzu sukari ya kama ta. A kasuwar ƙauye a faranti ake tallarta tare da ƙuli-ƙuli.

Mai Kemis:
Kullum mu ne masu laifi. Tsohuwa ta zo da ɗari biyar tana kuka da gwiwa, asibiti na da nisan kilomita talatin, kati kaɗai ya fi abin da ke ɗaure a bakin zaninta. In kore ta?

Uwar Biyu:
Ka faɗa mata abin da ke cikin ledar mana. Ko sunan ka rubuta a takarda ka ƙulla a ciki, ranar da ta je asibiti 'ya'yanta su nuna.

Baban Halifa:
Ni mahaifina ma irin ledar nan yake sha, safe da yamma. Famasis, wane launi ne ƙwayar dexa ɗin? Akwai wata ƙarama fara a cikin tasa.