Laƙabin ɗan siyasa: yana kai gwamna kujerar shugaban ƙasa ko yana tsare shi a yankinsa?

Mai Bibiyar Siyasa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni sanin tarihin siyasa. Na lura cewa da wuya a samu shugaban da ya daɗe ana damawa da shi ba tare da jama'a sun laƙaba masa wani suna ba, ko na yabo ko na zambo, kuma sau da yawa wannan suna yakan danne na yanka har a kusa mantawa da shi. Ana kiran Sir Ahmadu Bello Gamji, ana kiran Obafemi Awolowo Awo, Nnamdi Azikiwe kuwa Zik, kuma dukansu uku sun hau kujerar firimiya a yankunansu a 1954. A Tanzaniya Julius Nyerere shi ne Mwalimu, wato malami, a Ghana kuma Kwame Nkrumah shi ne Osagyefo, wato mai ceto.

Abin da nake son a warware mini shi ne ko laƙabin da mutum ya samu yana gwamna ko firimiyan lardi yana taimaka masa idan ya tashi neman shugabancin ƙasa baki ɗaya, ko kuwa yakan zame masa tarnaƙi, har sauran 'yan ƙasa su riƙa kallonsa a matsayin gwarzon wasu. Sannan ina son sanin wanda ya fi ƙarfin raɗa irin wannan suna ya zauna, tsakanin magoya baya da 'yan adawa da 'yan jarida. Allah ya ba da ikon amsawa.

Tsohon Ɗan Jarida ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin a shiga amsa ya kamata a raba abubuwan da ka haɗa wuri guda. Sardauna sarauta ce da aka naɗa Ahmadu Bello a Sakkwato a 1938, tun bai shiga siyasar jam'iyya ba, kamar yadda Jagaban sarauta ce da Sarkin Borgu ya ba Bola Tinubu. Awo da Zik kuwa gutsure suna ne kawai domin ya yi daɗin faɗa a bakin taro. Laƙabi na gaskiya shi ne irin Gamji, wanda yake yanke wa mutum hukunci a kalma ɗaya, yana cewa wannan babbar inuwa ce da jama'a ke fakewa a ƙarƙashinta.

A ganina, laƙabin da ya bayyana wani hali ko wani aiki yana iya tsallake iyakar jiha, amma wanda ya bayyana dangantaka tsakanin shugaba da mutanensa yakan tsaya inda mutanen suka tsaya. A Indiya mutanen jihar Tamil Nadu suna kiran Jayalalithaa Amma, wato uwa, har gwamnatinta ta riƙa saka wannan suna a kan shirye-shiryen tallafa wa talakawa, kuma da shi aka yi ta kuka a kan tituna lokacin da ta rasu a watan Disamba na 2016. Mamata Banerjee, wadda ta karɓi mulkin Bengal ta Yamma a 2011 bayan 'yan gurguzu sun yi shekara 34 a kai, ita ce Didi, wato babbar yaya. Sunayen nan biyu sun yi ƙarfi ƙwarai a gida, amma mutumin da ke wata jiha mai wani harshe ba ya jin cewa uwarsa ce ko yayarsa, kuma babu wadda ta zama firaminista a cikinsu.

Labarin Lateef Jakande ya fi wannan ban tausayi. Ya mulki Legas daga 1979 zuwa 1983, ya gina makarantu da gidaje masu sauƙin kuɗi da har yau ake kira da sunansa, Yarbawa kuma suka sa masa Baba Kekere, wato ƙaramin baba, domin suna ganinsa magajin Awolowo. Wannan suna aro ne daga martabar wani, kuma masu kayan suna iya karɓe abinsu. Da ya yarda ya zama ministan ayyuka da gidaje a gwamnatin Janar Sani Abacha a 1993, ya kuma ci gaba da zama a ciki bayan an tsare Moshood Abiola, sai almajiran Awolowo suka juya masa baya, bai sake komawa matsayin da yake da shi a da ba.

A ɗaya ɓangaren akwai John Magufuli na Tanzaniya. Tun yana ministan ayyuka aka sa masa Buldoza, saboda yadda yake tura aikin gina hanyoyi ba ya sauraron uzurin kowa. Sunan bai ce shi ɗan wane yanki ba ne, ya faɗi abin da yake yi ne, shi ya sa ya yi masa amfani a zaɓen 2015. Abubakar Rimi ma yana da irin wannan suna, Limamin Canji, kuma ya same shi da hujja, tun da ya soke haraji da jangali bayan ya zama gwamnan Kano a 1979. Abin da ya karya shi rabuwar jam'iyyar PRP ce zuwa Santsi da Taɓo, wadda ta sa ya ajiye mulki ya koma NPP a 1983, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi.

Malamar Kimiyyar Siyasa ta rubuta:

Ranka ya daɗe, rabe-raben da ka yi suna da amfani, amma ina ganin ka ɗora wa laƙabi nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma misalin Rimi da ka kawo da kanka ya nuna haka. Sunansa na hali ne, ba na yanki ba, duk da haka da ya nemi tikitin takarar shugaban ƙasa a PDP a 2003, Olusegun Obasanjo ne ya lashe, shi kuwa ya tashi da ƙuri'u kaɗan.

Zaɓen Ajantina na 2003 ya ishe mu hujja. Mutum biyu da suka zo kan gaba a zagayen farko duk sun riƙe kujerar gwamnan lardi, kuma duk suna ɗauke da sunayen da ke nuna asalinsu. Carlos Menem na lardin La Rioja, wanda ya riga ya mulki ƙasar daga 1989 zuwa 1999, ana kiransa Baturke, domin iyayensa daga Siriya suka zo, mutanen Ajantina kuwa haka suke kiran duk Balaraben da ya shigo daga ƙasashen Daular Usmaniyya. Néstor Kirchner ya yi gwamnan Santa Cruz, can ƙuryar kudu mai tsananin sanyi, daga 1991 zuwa 2003, shi ya sa aka kira shi da sunan tsuntsun nan na ƙasashen ƙanƙara, fengwin. Bisa ƙa'idarka ya kamata wannan suna ya tsare shi a kudu. Abin da ya faru shi ne ya rungumi sunan, ya samu kashi 22 cikin ɗari a zagayen farko, Menem ya samu kusan kashi 24, sannan Menem ya janye daga zagaye na biyu da ya ga kayen da ke jiransa. Goyon bayan shugaba mai ci, Eduardo Duhalde, da gajiyar da jama'a suka yi da Menem su ne suka kai Kirchner fada.

Lissafin Muhammadu Buhari ma haka yake nunawa. Sunan Mai Gaskiya ya tara masa ƙuri'a sama da miliyan 12 a 2003, ya sake tara masa kwatankwacin haka a 2011, kuma duk ya faɗi. Bai ci ba sai a 2015, da ƙuri'a sama da miliyan 15, bayan an haɗa jam'iyyu an kafa APC a 2013. Laƙabi yana riƙe wa mutum waɗanda suka riga suka yarda da shi, yana hana su watsewa a shekarun da ba ya kan mulki, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma ƙarin ƙuri'ar da ake cin zaɓen ƙasa da ita ƙawance ne yake kawo ta.

Game da wanda ya fi iya raɗa suna, ni dai ban raina abokan gaba ba. Jaridar sojojin Tarayyar Sobiyet ce ta fara kwatanta Margaret Thatcher da ƙarfe a watan Janairu na 1976, tana shugabar 'yan adawa a Birtaniya, da nufin a nuna taurin kanta, ita kuwa ta karɓe shi ta mai da shi kirari, ta shiga ofishin firaminista da shi a 1979.

Ɗan Nijar ya rubuta:

Ina goyon bayan Malama, kuma a Jamhuriyar Nijar akwai abin da zai ƙarfafa maganarta. Magoya bayan Mahamadou Issoufou sun daɗe suna kiransa Zaki, amma ya nemi shugabancin ƙasa a 1993 da 1996 da 1999 da 2004 bai samu ba, sai a 2011. Sunan bai canza ba a duk waɗannan shekaru, abin da ya canza shi ne waɗanda suka mara masa baya a zagaye na biyu. Mahamane Ousmane, wanda ake kira Nafarko, shi ne shugaban farko da aka zaɓa a ƙarƙashin tsarin jam'iyyu da yawa a 1993, sojoji suka kifar da shi a watan Janairu na 1996, kuma sunan ya bi shi har zagaye na biyu na 2021 inda Mohamed Bazoum ya kayar da shi.

Wanda ya fi dacewa da tambayar shi ne Tandja Mamadou, domin ya shugabanci jihohin Maraɗi da Tawa a zamanin mulkin soja kafin a zaɓe shi shugaban ƙasa a 1999. Talakawa, musamman na karkara, Baba Tandja suke ce masa, wanda suna ne na dangantaka, amma ya karaɗe ƙasar. Ina ma zargin cewa wannan ƙauna tana cikin abin da ya ba shi ƙwarin gwiwar tazarce a 2009, har sojoji suka sauke shi a watan Fabrairu na 2010.

Mai Bibiyar Siyasa ya rubuta:

Na gode muku ƙwarai. Maganar Thatcher ta jawo mini wata tambaya. Ita ta iya juya zambo ya koma yabo, to wanda aka laƙaba wa suna marar daɗi kuma bai iya juya shi ba, yana da hanyar rabuwa da shi, ko kuwa sai dai ya haƙura ya tafi da shi kabari?

Tsohon Ɗan Jarida ya rubuta:

Malama, na karɓi misalin Ajantina, ko da yake ina nan a kan cewa da Kirchner sunan uba ko yaya yake ɗauke da shi, ba na tsuntsu ba, da ba zai yi saurin shiga bakin mutanen Buenos Aires, babban birnin ƙasar, ba, domin abin dariya ya fi abin girmamawa saurin yaɗuwa.

Malam, rabuwa da laƙabi yana da wuya ƙwarai, ko da wanda ya raɗa shi ya nemi a daina. Jerry Brown ya zama gwamnan Kaliforniya a 1975 yana matashi mai sababbin dabaru, har da shawarar jihar ta mallaki tauraron ɗan'adam nata, sai wani marubucin jarida a Chicago, Mike Royko, ya sa masa sunan da ke kwatanta shi da hasken farin wata, wato gwamna mai mafarki ido biyu. Brown ya nemi takarar shugabancin Amurka a 1976 da 1980 da 1992 bai samu ba, kuma a 1991 Royko da kansa ya rubuta cewa a bar kiransa haka, amma mutane ba su bari ba. Abin da ya rage kaifin sunan shi ne dawowar da ya yi ta ƙasa, ya yi magajin garin Oakland, sannan ya sake zama gwamna daga 2011 zuwa 2019, inda aka san shi da tsumulmular kuɗin jiha. A Kanada, da aka zaɓi Joe Clark shugaban jam'iyyarsa a 1976, wata jaridar Toronto ta buga kanun da ke tambaya wane ne kuma Joe, tambayar ta zama sunansa, gwamnatin da ya kafa a 1979 kuwa ba ta wuce wata tara ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suna ɗaya yake canza ma'ana a kan mutum ɗaya. Da aka fara kiran Janar Ibrahim Babangida Maradona akwai sha'awa a ciki, ta yadda yake yanke 'yan siyasa yana wucewa, amma bayan ya yi ta ɗaga ranar miƙa mulki, ya kuma soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, sai sunan ya zama tuhuma. Buldozan Magufuli da aka yaba wa saboda hanyoyi shi ne aka koka da shi lokacin da aka rufe jaridu aka hana 'yan adawa taro. Buhari da aka rantsar ranar 29 ga Mayu 2015 bai rantsar da ministoci ba sai a watan Nuwamba, sai masu suka suka ɗauko Baba Go Slow, sunan da aka taɓa jefa wa Umaru Musa 'Yar'aduwa, suka ɗora masa, ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da Mai Gaskiya gwargwadon bakin da ke magana.

Wanda ya fi kowa sanin darajar laƙabinsa, a ganina, shi ne Lula na Brazil. Sunan gida ne da ma'aikatan masana'antu suka san shi da shi tun yana jagorantar yajin aiki, sai ya saka shi cikin sunansa a hukumance a 1982, shekarar da ya tsaya takarar gwamnan São Paulo, domin a ƙirga masa ƙuri'ar duk wanda ya rubuta Lula kawai. Ya faɗi wannan zaɓe, ya faɗi na shugaban ƙasa a 1989 da 1994 da 1998, kuma bai taɓa yin gwamna ba har ya ci a 2002, bayan ya ɗauki wani babban ɗan kasuwa daga wata jam'iyya a matsayin mataimakinsa, wanda ƙarin hujja ce ga Malama.