Neman shawara: rezar mahaifina ta yanyanka mini wuya, ga ɗaurin aurena saura sati uku

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san kan aski da reza mai baki biyu ya taimaka mini, abin ya fara hana ni barci.

Aikin gadi nake yi a wani kamfani da ke titin Ahmadu Bello, shekara huɗu ke nan. Da can wani dattijon wanzami ne yake mini gyaran fuska duk Lahadi da Laraba. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mana kaciya ni da ƙannena, hannunsa kamar auduga, ban taɓa sanin ƙurji ba. Bara idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa suka maida shi gida. Na koma shagon masu kilifa, yau ba wuta, gobe a ce kuɗin janareta daban. Ana cikin haka aka kawo mana sabon oga, kullum da safe sai ya bi layi yana duba haɓar kowa. Na sayi abin aski na roba mai baki uku, nan ƙuraje suka fara feso mini a ƙasan haɓa, ga tsada, sati ɗaya ya dakushe.

Watan jiya muna gyara ɗakin marigayi mahaifinmu, na buɗe akwatin ƙarfensa na tarar da abin askinsa naɗe a cikin hankici, tun na zamanin da yake aiki a masaƙa a Kakuri. Na ƙarfe ne zalla, mai nauyi, ana murɗe mariƙin ya rabu gida uku, a saka reza a tsakiya a ɗaure. Wallahi sai da na yi hawaye, don na tuna shi a tsakar gida da ɗan madubi a jingine jikin randa. Na wanke shi tas, na sayi reza a Kasuwar Barci na fara.

Yau kwana goma sha shida. Kullum sai na yanke, wuyana ya yi ja yana raɗaɗi, ƙurajen sun ƙaru, wasu sun fara baƙi. Iyalin da zan aura ta gani ta yi shiru, shirun nan ya fi damuna. Me zan shafa su baje kafin ranar?

Tsohon Soja, Mando:
Wa alaikumus salam. Yaro, ƙarfen nan ba shi da laifi, hannunka ne bai faɗa ba. Shekara talatin na yi ina aski da irinsa, daga Jaji har inda aiki ya kai ni. Danna shi kake yi, na sani ko ba ka faɗa ba, duk wanda ya saba da na roba haka yake yi. Wannan nauyinsa ne yake aski, kai riƙewa kawai za ka yi. Ka ɗora kansa a kumatu, ka sauke mariƙin a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi, wajen digiri 30 ke nan. Ja gajere-gajere, ka ɗauraye, ka juya ɗaya bakin. In ka gama ka jiƙa alif ka goga, shi ke tsayar da jini. Ruwan sanyi, kullum, kada ka tsallake rana. Fata horo take so.

Ɗan Rigasa:
Na gode Baba. Amma gaskiya ba na dannawa sosai. Sai dai in ban ɗan danna ba, ba ya kwashewa ƙal yadda oga yake so.

Mai Jinya, Unguwar Rimi:
Ɗan'uwa, akwai abubuwan da ba ka faɗa ba. Wace reza ka saya, kuma aski nawa kake yi da guda kafin ka canza? Da me kake jiƙa fuskar? Ta ina kake jan rezar, yadda gashin ya kwanta ko kana tayar da shi?

Abin da ka kwatanta ya yi kama da gashin da ke komawa cikin fata. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka yanke shi ƙasa sosai, bakinsa ya yi tsini, sai ya lanƙwaso ya soki fata, jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya. Na roba mai baki uku yana ƙara wannan, don bakin farko yana jawo gashin sama, na baya ya yanke, ragowar ya nutse ƙasan fata. Reza mai baki ɗaya a kowane ja ta fi sauƙi, amma ba a kan fatar da ta riga ta kumbura ba. Shawarata ka ajiye aski gaba ɗaya, sati uku zuwa huɗu yawanci ƙurajen kan kwanta da kansu. In dole ne, kilifa wadda za ta bar ɗan gashi. Kada ka tone su da allura. In akwai ruwa a ciki ko sun fara tauri, ka ga likitan fata, a tambaya maka a asibitin Barau Dikko.

Tsohon Soja, Mando:
Malam mai jinya, da girmamawa, amma kada a tsorata yaro. Wannan ƙarfen, wani mai suna Gillette ne ya yi masa rajista a Amurka tun 1904, a yaƙin duniya na farko gwamnatinsu ta raba wa sojojinta shi. Abin da aka yi aski da shi a cikin ramin yaƙi shi ne zai gagari mutum a Rigasa? Mu a bariki wa ya taɓa ba mu hutun aski? Yaran yanzu komai asibiti.

Mai Jinya, Unguwar Rimi:
Baba, sojojin Amurkan da ka ambata ma, likitocinsu sun daɗe suna ba masu wannan matsalar takardar barin gajeren gashi, akasarinsu baƙar fata. Jikin kowa daban ne.

Ɗan Rigasa:
Barin aski ba zai yiwu ba Malam. Ranar da na je da gashin kwana biyu an yanke mini kuɗi. Gaba kura ce baya sayaki, aikin nan da shi na haɗa lefe. Sabulun wanka nake shafawa bayan sallar asuba, kuma daga maƙogwaro nake ja zuwa sama, don haka na ga mahaifina yana yi.

Ɗan Wanzamai, Tudun Wada:
To ka ji. Daga ƙasa zuwa sama a kan busasshen gemu, cikin hunturun nan. Wanne wanzami ka taɓa gani ya kafa aska bai jiƙa kai ya murza ba? Mahaifina sai ya yi ta shafa ruwa da tafin hannu har gashi ya yi laushi kafin ya buɗe zabira. Ka dafa ruwa, ka jiƙa tawul ka ɗora minti uku, ka kaɗa kumfa da buroshi, ko sabulun salo ne, ka bi kwanciyar gashi sau ɗaya kawai. A wuya gashi ba ya kwanciya waje guda, ka shafa da yatsa ka gane. Bayan nan man kaɗanya.

Amma bari in faɗi abin da ke ci mini rai. An guje mu an ce askarmu tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Ba mu musa ba, ƙarfe ɗaya a jikin mutum biyu haɗari ne, shi ya sa muka koma karya sabuwar reza a gaban mutum. Duk da haka samari sun tafi wurin kilifa, wadda sau da yawa ɗan sifirit kawai ake fesa mata a ɗora a ƙeyar wani. Yanzu sai suna da kaciya ake tuna mu. A gidanmu ni kaɗai na rage da sana'ar nan.

Maman Biyu:
Ni roƙona ɗaya ga masu wannan aski. Maigidana a kan taga yake barin tsohuwar reza, na yi magana har na gaji, sai da ƙaramar ta ɗauka ta yanka yatsa muka kwana a asibiti. Ku sami gwangwanin madara ku huda shi ku riƙa jefawa ciki. Kai da za ka kawo amarya, ka koya tun yanzu.

Mai Kanti, Kasuwar Gumi:
Ba wanda ya tsaya kan rezar kanta. Ba duka ɗaya ba ne. Feather ta Japan kaifinta ya yi wa ɗan koyo yawa, Derby ta Turkiyya ta fi sanyi, Astra tana tsakiya, akwai Shark ta Masar, akwai Dorco. Ka sayi kala uku ka gwada, kowace ka yi aski uku ko huɗu ka jefar. Sannan ka duba yadda ka haɗa shi. Mutane da yawa suna kife farantin ƙasan, sai ya ƙi aski, su yi ta dannawa. Kuma ƙarfen da ya shekara da shekaru a akwati, in ya taɓa faɗuwa ya lanƙwashe, rezar za ta fi leƙowa ta gefe ɗaya. Ka ɗaure ka kalle shi ta sama. In bai daidaita ba ka ajiye shi tarihi, ka sayi sabo.

Ɗan Rigasa:
Alhaji, lafiyarsa ƙalau. Mahaifina mutum ne mai adana kaya, ba zai bar shi ya faɗi ba. Ba zan sayi wani ba, da shi nake so in yi askin ɗaurin aurena.

Almajirin Malam, Badarawa:
Duk an bar asalin magana. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a rage gashin baki a bar gemu. Ka bar gemunka ka huta da ƙuraje. Ni kaina na bar wani aiki a kan wannan, na yi wata bakwai a zaune, Allah bai bar ni ba. Abin takaici ne a ce a Kaduna ana yanke wa Musulmi albashi a kan gashin fuskarsa.

Ɗan Rigasa:
Allah ya saka da alheri Malam, na san hukuncin. Amma mahaifiyata da ƙannena uku ni suke kallo.

Tsohon Soja, Mando:
Kun rikita shi. Wannan ya ce ruwan zafi, wancan ya ce reza kala uku. Yaro ka riƙe tawa: kada ka danna, alif, kullum. In aski ya zo gaban goshi dama ya fi zafi. Kwana goma za ka dawo nan ka yi mini godiya.

Mai Jinya, Unguwar Rimi:
Alif zai tsayar da jinin yanka, ba zai fito da gashin da ya shige ba, kuma yana ƙara busar da fata. Har yanzu ba ka ce mana reza nawa ka canza a kwana sha shidan nan ba.

Ɗan Rigasa:
Na gode muku duka. Gobe zan gwada ruwan ɗumi in an sami gawayi da wuri, don ƙarfe shida nake fita. Amma daga sama zuwa ƙasa na taɓa gwadawa, yana barin gashi, oga zai gani. Wani abokin aikina ya ce akwai hodar da ake kwaɓawa ta cire gashi ba reza, wani kuma ya ce ta ƙona shi. Akwai wanda ya taɓa shafa ta a kan ƙuraje? Kuma baƙin tabon nan, zai iya tafiya cikin sati uku?