Ciwon haƙori a makaranta: shawarwarin da iyaye da malamai suka tattara

A zaman da iyaye da malamai suka yi kan ciwon haƙorin yara, zancen ya fi tsayi a kan alewa da lemon kwalba na lokacin tara. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ce ba tsutsa ke cin haƙori ba. Ƙwayoyin cuta ne ke mayar da sukari tsami, tsamin ya riƙa zaizayar haƙorin har ya yi kogo. Yawan tsotson zaƙi a kai a kai ya fi ɓarna, gara yaro ya sha nasa tare da abinci.

An amince a riƙa goge baki sau 2 kullum da man goge haƙori mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori), musamman kafin barci, yaro ya tofar kada ya kurkure. Aswaki ma yana taimakawa. Abin da ya ba iyaye mamaki: turmin da ke fitowa wajen shekara 6 na dindindin ne, ba ya famfara.

In ciwon ya taso, a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, a ba da farasitamol daidai nauyin yaron, sannan a nufi likitan haƙori. Wasu sun kawo kanumfari, amma lafawa kawai yake sawa, kogon na nan. Kada a danna asfirin a dasashi, ƙonawa yake yi.

Kumburin fuska da zazzaɓi kuwa, ko gyambon dasashi mai wari ga yaro mai tamowa, asibiti ne ranar. Da irin wannan gyambon ake fara cutar da ake kira noma, mai cinye naman baki da fuska, wadda Sakkwato ke da asibitinta tun 1999.