Ina neman shawara: Babana ya tuɓe takalmi a gidan abinci, aka ce ya saka ko ya fita

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai abin da ya hana ni barci kwana uku ke nan. Mahaifina dattijo ne da ya haura shekara 70, manomi a ƙauyenmu da ke kusa da Kazaure, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ya shiga ɗakin kowa da takalmi ba. Shi ya riƙe mu mu bakwai bayan rasuwar Inna, ya sayar da shanun huɗarsa ya biya mini kuɗin makarantar horon malamai a lokacin da 'yan uwansa suke matsa masa ya aurar da ni, har suka yi shekara biyu ba sa taka gidanmu saboda wannan magana.

Makon jiya ya zo Kano ganin likita. Da muka fito, maigidana ya ce mu tsaya a wani gidan abinci, irin masu ƙofar gilashi da tayil a ƙasa. Muna isa, Baba ya sunkuya ya cire silifas ɗinsa, ya haɗa su a gefen ƙofa, ya yi sallama ya shiga kamar yadda yake shiga zauren mai gari. Sai wani matashi ma'aikacin wurin ya sha gabansa ya ce ba a shiga nan ba takalmi, ko ya koma ya saka ko ya jira a waje. Baba bai ce uffan ba, ya juya ya zura silifas ɗin, ya ce zai jira mu a mota. Ni kuwa na ɗaga murya har mutane suka daina cin abinci, kuma maigidana ya ce na kunyata shi.

Yanzu ƙanena zai yi aure wata mai zuwa, dangin amarya sun kama ɗakin taro don walima, Baba ya ce ba za shi ba. Shin laifi ne mutum ya shiga wurin jama'a ba takalmi? In lallashe shi ya je da takalmi, ko in roƙi masu wurin su ƙyale shi?

Wani malami daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, mahaifinki bai yi laifi ba, ko a addini ko a al'ada. A Suratu Ɗaha, aya ta 12, Allah Ya umarci Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tuɓe takalmansa saboda yana kwari mai tsarki. Abin da aka hana a hadisin Bukhari da Muslim shi ne tafiya da takalmi ƙafa ɗaya: ko mutum ya saka duka biyu, ko ya cire duka biyu. Har gobe ba mai zuwa gaban sarki ya faɗi gaisuwa da takalmi, kuma alhazai ƙafa ba takalmi suke ɗawafi. Girmama wurin Baba ya yi, yaron ne bai san darajar abin da aka yi masa ba. Ki koma ki nemi manaja ya sa a ba dattijon haƙuri.

Wata Hajiya mai sana'ar abinci a Kaduna:
Malam, ina girmama iliminka, amma shekarata 14 ina wannan sana'a, kuma da ni ce ba zan bar mutum ya zagaya mini wuri ba takalmi ba. Kofi yana fashewa, ko an share sai ɓarɓashin gilashi ya saura ƙarƙashin tebur, miya mai zafi tana zuba, mai yana sa santsi. Ranar da wani ya yanke, mai wurin za a kama. Ni an taɓa tara mini jama'a saboda yaron wata ya taka fasasshen faranti wanda uwar da kanta ta yar, na biya kuɗin ɗinki, kuma har yau tana yawo da sunana a unguwa. Ba mai tausayin mai sana'a a ƙasar nan. Inda yaron ya yi kuskure shi ne lafazi, domin kamata ya yi ya rusuna ya ce, "Baba, bari in ɗauko maka takalminka, ƙasan akwai gilashi."

Wani magidanci daga Maraɗi:
Ni abin da ya fi damuna shi ne barin takalmi a bakin ƙofa. Sau uku ana ɗauke mini takalmi a masallacin Juma'a cikin shekara ɗaya, na ƙarshen ma sabo ne da na saya don Sallah, haka na taka kwalta da zafin bazara har gida, tafin ƙafata ya yi kwana biyu yana raɗaɗi. Da Baba ya zauna cin abincin, wataƙila da ya fito bai tarar da silifas ɗin ba.

Malamin daga Zariya:
Hajiya, a wurin mai tuwo da ake zama a tabarma kowa tuɓe takalmi yake yi, kuma a can ma ana zuba miya mai zafi. Batun gilashi hujja ce da aka nemo daga baya. Gaskiyar magana, sun ga dattijo da rigar ƙauye ne suka raina shi, kuma da wani attajiri ne ya yi haka da babu wanda zai buɗe baki.

Wata ma'aikaciyar jinya:
'Yar uwa, kin ce ganin likita ya kawo Baba, amma ba ki faɗi abin da ke damunsa ba.

Mai neman shawara:
Ciwon sukari ne, shekara 6 ke nan yana shan magani. Ban ambata ba ne saboda ban ga alaƙarsa da tambayata ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Ai nan ne maganar take. Ciwon sukari idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, sai mutum ya taka ƙusa ko ƙaya ko ƙasa mai zafi bai ji ba, kuma saboda jini ba ya gudana sosai a ƙafar, ƙaramin rauni sai ya ƙi warkewa ya zama gyambo. Na wanke ƙafafun dattawa da yawa waɗanda suka zo da ɗan rami kamar ƙwayar gero a ƙasan babban yatsa, ba su san ranar da ya fara ba, wasu kuma ba su bar asibiti ba sai da aka yanke yatsan. Mai wannan ciwo ko a tsakar gidansa ba a son ya taka ƙasa ba takalmi. Ki saya masa sau-ciki mai laushi da safa ta auduga, a riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum da dare, shi ma ya riƙa zazzage takalmin kafin ya saka.

Mai neman shawara:
Na gode, Yaya, amma ba ki san Baba ba. Tun yana yaro yake noma ba takalmi, tafin ƙafarsa ya yi kauri, ƙaya ma karyewa take yi. Kuma ni ban zo tambayar lafiya ba, mutuncinsa aka taɓa.

Ma'aikaciyar jinya:
Wannan kaushin da fason da kike ganin kariya ne, ta nan ƙwayar cuta ta fi samun hanya. Don Allah ki duba ƙafarsa yau, ki gaya mini abin da kika gani.

Malamin daga Zariya:
Kada a karkatar da zancen. Kula da lafiya wajibi ne, ban musa ba, amma tayil ɗin da ake gogewa safe da yamma ba gona ba ce. Tambayar ita ce ko ya halatta, kuma na amsa ya halatta. Ƙanwata, ki je wurin masu ɗakin taron tun yanzu, ki gaya musu uban ango zai shiga yadda ya saba, wanda bai yarda ba ya mayar da kuɗi.

Wani matashi daga Gombe:
Anti, ki yi haƙuri, ni ina ganin maigidanki yana da gaskiya. Kowane wuri da tsarinsa, kuma hayaniyar da kika yi ce ta jawo hankalin mutane kan Baba. Wataƙila ita ce ta fi ɓata masa rai fiye da maganar yaron. Kin tambaye shi dalilin da ya sa ba zai je walimar ba?

Mai neman shawara:
Ƙanena, ba ka nan ne shi ya sa. Da ka ga yadda hannunsa yake rawa yana gyara silifas ɗin, da ba ka faɗi haka ba. Ban tambaye shi dalili ba, domin a gidanmu ba a tsare uba da tambaya, kuma ba zan ba maigidana haƙuri a kan kare mahaifina ba. Masu ɗakin taron kuwa ba ni na kama ba, dangin amarya ne, ban san ta inda zan fara musu wannan magana ba tare da sun ɗauke mu 'yan ƙauye ba. Jiya na saya masa sau-cikin a Kasuwar Sabon Gari, ya karɓa ya sa mini albarka, ya tura shi cikin jakarsa ko gwadawa bai yi ba. Gobe da asuba zai koma gida, saura kwana 19 ɗaurin aure, kuma har yanzu ban san abin da zan gaya wa ango ba.