Ƙanena zai fito daga gidan yari nan da wata uku: me ke gyara halin mai laifi?

Babbar Yaya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar shari'a da gidajen yari. Ƙanena, ɗan shekara 22, an kama shi da laifin satar waya a kasuwa, ya shafe wata 14 yana jiran shari'a kafin alƙali ya yanke masa hukunci, kuma yanzu saura wata uku ya fito. Mu a gida mun sani sarai cewa ƙwaya ce ta kai shi ga wannan hali, domin tun kafin satar ya fara ɗauke kayan mahaifiyarmu yana sayarwa.

Duk lokacin da na je ziyara nakan kai masa gari da ƙuli-ƙuli da sabulu, mu yi magana ta cikin ragar ƙarfe na 'yan mintuna. A zuwana na ƙarshe na ga ƙazuwa ta cinye masa tsakanin yatsu, kuma da na tambaye shi abin da yake yi daga safe zuwa yamma, sai ya ce da ni, zama kawai. Wannan amsa ta fi ƙazuwar tayar mini da hankali. Kawunmu ya ce kada a bar shi ya sake shiga gidanmu, mahaifiyarmu kuwa tana so a kai shi gidan mari da zarar ya fito. Na ji ana cewa yanzu sunan gidan yari ya koma gidan gyaran hali, to ina so in san mene ne ainihin gyaran da ake yi, kuma me ya kamata mu yi mu da muke waje?

Lauya daga Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya shirya shi. Canjin sunan da kika ji ya samo asali ne daga dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2019, wadda ta raba aikin hukumar gidajen yari gida biyu: ɓangaren tsare mutane, da ɓangaren hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima, da ɗaurin talala ƙarƙashin sa idon jami'i, da sakin fursuna bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Tun kafin nan ma, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba alƙali damar jingine hukunci ko sanya mutum aikin hidima a ƙananan laifuka. A takarda ke nan, ba mu rasa doka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne cunkoso. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma galibi ba a sanya mai jiran shari'a cikin tsarin koyon sana'a, tunda a idon doka ba a tabbatar da laifinsa ba balle a ce za a gyara shi. Saboda haka wata 14 ɗin da ƙanenki ya yi kafin hukunci lokaci ne da ya tafi a banza, kuma a ganina nan ne aka fi yi masa illa. Akwai kuma waɗanda tara ce kawai ta riƙe su. A watan Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tara Naira miliyan 585 ta biya wa fursunoni 4,068 tara da diyya aka sake su, wanda ke nuna yawan mutanen da talauci ne ya zaunar da su a ciki fiye da girman laifinsu. Alƙalai da dama kuma suna ɗari-ɗari da hukuncin da ba na ɗauri ba, saboda jami'an da za su bi sawun mutum a unguwa ba su da yawa.

Game da gidan mari, ina roƙon ki lallashi Mama ta janye wannan shawara. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa, kuma bayan nan aka bankaɗo wasu a Katsina da Daura. Shaye-shaye ciwo ne da ke buƙatar likita da mai ba da shawara. Ku nemi sashen kula da masu shaye-shaye a asibitin ƙwaƙwalwa, ko cibiyar gyaran hali ta hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi (NDLEA) mafi kusa da ku, kuma ku fara wannan magana tun kafin ranar fitowarsa.

Tsohon Gandiroba ya amsa:

'Yata, na yi shekaru masu yawa a wannan aiki kafin in yi ritaya, kuma abin da Barista ya faɗa gaskiya ne. Zan ƙara abin da idona ya gani. Gyara yana yiwuwa a ciki, domin akwai wuraren koyon kafinta da ɗinki da walda, akwai gonaki, akwai masu zana jarrabawar kammala sakandare, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana da cibiyoyin karatu a gidaje irin su Kuje da Kirikiri, inda fursunoni ke yin digiri ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Sai dai waɗanda ke samun wannan dama kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan jama'ar da ke ciki, kuma sau da yawa za ka tarar da keken ɗinki biyar, uku sun lalace, mutum arba'in na jiran biyu.

Abin da ya fi ɓata mini rai a tsawon aikina shi ne haɗa yaron da ya saci waya ɗaki ɗaya da wanda ya ƙware a fashi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma da dare, bayan an kulle ƙofa, babu malamin da ya rage sai wanda ke kwance kusa da kai. An tanadi gidajen horon matasa a Kaduna da Ilorin da Abeokuta domin kauce wa haka, amma gida uku ba za su ɗauki matasan ƙasa guda ba. A ƙasar Norway, inda kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke sake komawa cikin shekara biyu da fitowa, sai an horar da gandiroba na shekara biyu kafin ya kama aiki, kuma kowane fursuna yana da jami'in da ke bin lamarinsa har ya shirya masa wurin zama da aikin yi. Ba ginin nasu nake sha'awa ba, wannan bibiyar nake sha'awa.

Akwai wani da ba na mantawa da shi. Ya koyi ɗinki a hannunmu har ya zama shi ke ɗinka wa jami'ai kaki, ya fita muna murna, amma bai cika wata biyar ba na gan shi a layin sababbin shigowa. Da na tambaye shi, sai ya ce ya zaga shaguna bakwai, duk wanda ya ji inda ya koyi ɗinkin sai ya ce babu gurbi, a gida kuma ana kulle ɗaki idan ya shigo. Don haka ki gaya wa kawunku cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Watanni ukun farko bayan fitowa su ne mafiya haɗari. Ku je ku tarye shi da kanku a bakin ƙofa, kada ku bari tsofaffin abokansa su riga ku, ku samar masa ubangida a sana'a wanda ya san labarinsa kuma ya yarda, domin idan aka ɓoye wa ubangida, ranar da ya ji daga bakin wasu korarsa zai yi.

Mai Shagon Waya ya amsa:

Ina girmama maganar Baba da ta Barista, amma na lura har yanzu babu wanda ya ambaci mutumin da aka sace wa wayar. An taɓa fasa mini shago aka kwashe kayan da na karɓa bashi, aka kama yaron aka ɗaure shi, ni kuwa na shekara biyu ina biyan bashi, babu wanda ya tambaye ni ko na farfaɗo. Ɗaurin da aka yi masa bai dawo mini da ko caja ɗaya ba. Da an zaunar da mu gaban alƙali ko mai unguwa, ya amsa laifinsa da bakinsa, aka yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata daga aikin hannunsa, da na fi samun sauƙi, shi ma da ya san nauyin abin da ya aikata. Hajiya, ban faɗi haka don in ƙara miki damuwa ba, amma idan kuna son ƙanenki ya gyaru, ku kai shi ya nemi gafarar mai wayar, kuma kuɗin ya fito daga guminsa, kada ku biya masa.

Lauya daga Kaduna ya sake amsawa:

Alhaji ya taɓo wuri mai muhimmanci. Dokar 2015 ta ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya diyya ko ya mayar da abin da ya ɗauka, dokar 2019 kuma ta ambaci sasanta mai laifi da wanda ya zalunta, har bayan an yanke hukunci. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda shari'ar Musulunci ta bambanta haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, kuma tuba ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko ya yafe. Sharaɗin kawai shi ne kada a tilasta wa wanda aka zalunta, idan ya ƙi zama a ƙyale shi.

Babbar Yaya ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa mahaifiyarmu amsoshinku, ta yi kuka, kuma ta haƙura da maganar gidan mari. Akwai wani maƙwabcinmu mai walda da zan je in same shi tare da mijina, mu faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye kamar yadda Baba ya ce. Mai wayar kuma ana iya samunsa ta hannun shugaban layinsu a kasuwa. Kawu ne bai sauko ba tukuna, amma ya yarda ya bi ni ziyara ranar Asabar mai zuwa, kuma wannan ne karon farko da zai je tun da aka kama yaron.