Masu Sienna ku zo: wacce kuka riƙe, ya kuka ji da ita?

Abban Ilham: Salam 'yan uwa. Iyali sun ƙaru, yara biyar ga Hajiyarmu ta dawo wajena, ƙaramar motata ta daina ɗaukarmu. Ina tsakanin Sienna da Highlander, don Allah wanda ya taɓa riƙewa ya faɗa min gaskiya.

Sani Direba: Wa alaikassalam. Ni da Sienna samfurin farko na fara lodin Kano zuwa Abuja, irin wadda ta fito a 1998 ta maye gurbin Previa a Amurka. Ƙasanta na Camry ne, injin V6 lita 3.0, shi ya sa kayanta ba sa wuyar samu a Ƙofar Ruwa. Amma ranar da na koma ta 2005 wallahi ji na yi kamar na bar shago na shiga falo, ta fi tsawo ta fi faɗi, kujerar baya kana jan igiyarta sai ta nutse a but wajen ya zama fili fetal, da bikin ƙanwata katifa da akwatuna duk a ciki na zuba na rufe ƙofa.

Usman Bakanike: Alhaji abu ɗaya zan ja maka kunne. Daga 2004 zuwa 2010 bodi kusan ɗaya ne amma inji ba ɗaya ba. 2004 zuwa 2006 lita 3.3 ne mai bel, wato bel ɗin taimin na roba da ke daidaita aikin injin, daga 2007 aka sa 3.5 mai sarƙa a madadin bel ɗin. Mai bel ɗin ma lafiyayye ne in kana canza shi a kan lokaci, sai dai 'yar kwatano wa ya san yaushe aka canza mata? Ka buɗe bonet ka gani da idonka. Sannan ka leƙa ƙasa, mai jan ƙafa huɗu ba ta zuwa da safaya.

Maman Walid: Mu Highlander muka fara saya saboda hanyar garinmu da damina, ta fi tashi daga ƙasa kam. To amma layin baya na yara ƙanana ne kawai, Walid yana shiga sakandare gwiwarsa ta fara tokarar kujera, kuma in ka ɗaga layin ba sauran wajen kaya. Tunda ka ambaci Hajiya ka yi tunanin ƙafarta. Mamata sai an tallafa mata take hawa waccan, Sienna kuwa ana zuge ƙofa ta dafa ta shiga da kanta.

Injiniya Bash: Sienna samfurin 2011 zuwa 2020 na riƙe, yanzu ina kan sabuwar da ta fara daga 2021. An cire V6 gaba ɗaya, duk haibirid ce, silinda huɗu lita 2.5 da batir. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake gode wa Allah da na canza, a gosulo injin kashe kansa yake. Kujerun tsakiya dai ba sa fita kamar na da, kuma ba kowane gareji nake yarda ya taɓa min ita ba.

Abban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar ƙafar Hajiya ta gama min komai. Aljihuna bai kai sabuwar ba, akwai wata 2008 da zan duba ranar Asabar. Malam Usman ko za ka samu lokaci ka raka ni?

Usman Bakanike: In sha Allah. Mu je da sassafe kafin su ɗumama injin, a sanyi ake jin gaskiyarsa.