Mijina ɗan Amurka ne, ni ina waje: ta ina ake fara neman takardar zama?

Ummu Hanif:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka mini. Mijina ɗan ƙasar Amurka ne, can yake zaune, ni kuma ina wajen ƙasar. Aurenmu wata goma sha huɗu ke nan. Ranar ɗaurin auren ba ya nan, wakili ne ya tsaya masa, sai bayan wata uku ya zo muka zauna tare na sati shida. Ina da ɗa mai shekara tara daga aurena na farko. Ta ina za mu fara? Yaron zai iya bina a takarda ɗaya? Albashin maigidan ba shi da yawa, hakan zai hana? Sannan wasu na cewa in nemi bizar ziyara kawai, in na shiga sai a gyara mini takardu a can, wai ya fi sauri. Na gode.

Abu Sadiƙ:

Wa alaikumus salam, Malama. Ba ke za ki fara ba, maigidan ne. Shi zai cike fom I-130, takardar da mutum ke nema wa danginsa izinin zama da ita, ya miƙa wa hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, ke kuma a haɗa da bayananki a I-130A. Tunda ɗan ƙasa ne ba mai girin kad (katin zaman dindindin) ba, kina cikin rukunin dangi na kusa, babu ƙayyadadden adadin biza da za ki jira ya zagayo. Matan masu girin kad su ne rukunin F2A, su ne ke jiran layi. Idan USCIS ta amince, fayil ɗin zai koma NVC, cibiyar biza ta ƙasa da ke Portsmouth a jihar New Hampshire. A nan za a biya kuɗin biza, ki cike DS-260, fom ɗin neman bizar zama, ta intanet, a ɗora takardu, sannan a ba ki ranar ganawa a ofishin jakadanci.

Amma kafin ya taɓa fom ɗin, ku tsaya kan maganar wakilin nan, don a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. A dokar shige da fice ta Amurka, auren da aka ɗaura ma'auratan ba sa wuri ɗaya ba ya zama aure sai in sun haɗu sun zauna a matsayin miji da mata bayan ɗaurin. Haɗuwar da aka yi kafin aure ba ta shiga lissafi. Zuwan da ya yi na sati shida shi ne ya tabbatar da naku, don haka hujjarsa ta fi hoton biki daraja: hatimin shiga da fita a fasfonsa, tikitin jirgi, rasit ɗin masauki ko na haya, hotunanku tare a ranaku daban-daban, da rubutacciyar sanarwa daga ku biyun cewa kun zauna tare daga rana kaza zuwa rana kaza. Kada ku ɓoye cewa da wakili aka ɗaura. Ranar da ke takardar aure da ranar da ke fasfonsa za su tona maganar da kansu.

Na biyu, aurenki na farko. Suna son takardar hukuma da ke nuna ya mutu kafin ranar wannan auren, wato takardar saki daga kotu ko hukumar da ke da hurumi, ko takardar mutuwar miji. Saki na baki ko na wasiƙa da ba a kai gaban hukuma ba yakan jawo a turo muku takardar neman ƙarin hujja, aiki ya tsaya wata da watanni. Haka shi ma maigidan, in ya taɓa aure. In har akwai wani auren nasa da bai warware ba a takarda, naku ba zai karɓu ba, domin dokarsu ba ta amince da mace ta biyu ba. Shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka yana da jerin irin takardar aure, saki da haihuwa da ake karɓa daga kowace ƙasa, ku duba na ƙasarku kafin ku kashe kuɗi. Duk takardar da ba da Turanci take ba sai an fassara ta gaba ɗaya, har hatimi, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take.

Yaro kuwa ba zai bi ki a takarda ɗaya ba. A rukunin dangi na kusa kowa da nasa fayil. Maigidan zai cike masa I-130 daban a matsayin ɗan matarsa, kuma hakan ya halatta saboda an ɗaura aurenku yaron bai kai 18 ba. A aika su rana ɗaya don su yi tafiya tare. Ki kuma nemi takardar kotu ta riƙon yaron ko rubutacciyar amincewar mahaifinsa tun yanzu.

Hajiya Maman Iman:

'Yar'uwa, maganar bizar ziyara ki ajiye ta. Bizar ziyara ta wanda zai je ya dawo ce. Idan kika nema da niyyar zama, ko dai a hana ki ƙarƙashin sashe na 214(b), wato ba su gamsu za ki dawo ba, tunda mijinki na can, ko ki samu ta hanyar ɓoye gaskiya. Na biyun ya fi muni, domin samun biza ko shiga ƙasar da bayanin ƙarya haramcinsa na har abada ne, sai an nemi afuwa ta musamman, ita ma ba tabbas. Gaskiya ne akwai waɗanda ke canza matsayi a cikin ƙasar da fom I-485, amma an tanadi hanyar ne don wanda ya shiga da niyya ta gaskiya sannan al'amura suka canza masa. Ga kuma yaro, me za ki ce musu a kansa? Bizar K-1 ma ba taki ba ce, ta waɗanda ba su yi aure ba tukuna ce.

Batun albashi yana da mafita. Maigidan zai sa hannu a fom I-864, alkawarin ɗaukar nauyi. Sai kuɗin shigarsa na shekara ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, gwargwadon yawan mutanen gidan. Ku uku ne ke nan, shi da ke da yaron, sai a ƙara duk wanda yake sawa a takardar harajinsa da wanda ya taɓa ɗaukar wa nauyi a baya. Adadin yana canzawa kowace shekara, yana cikin I-864P. Abin da suka fi yarda da shi shi ne bayanin harajin shekarar da ta gabata daga IRS, hukumar harajin Amurka, da takardun albashi na kwanan nan, da wasiƙar wurin aiki. Yaron ma sai an yi masa nasa I-864.

In bai kai ba, hanya uku ce. Zai iya cike giɓin da kadara, amma ga matar ɗan ƙasa sai kadarar ta ninka giɓin sau uku. Misali in dala 4,000 ta rage, sai ya nuna ajiya ko kadarar dala 12,000 wadda za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara ɗaya. Ko wani babba da suke gida ɗaya ya haɗa nasa kuɗin da fom I-864A. Ko a samo mai tsayawa na biyu, ɗan ƙasa ko mai girin kad, mai shekara 18 zuwa sama, mazaunin Amurka, ba sai ɗan'uwa ba. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne zaton za a haɗa albashin miji da na mai tsayawa a kai adadin. Ba a haɗawa. Mai tsayawar sai ya kai shi kaɗai, da iyalinsa da ku a lissafi, kuma duk da haka mijin sai ya cike nasa fom ɗin. A kuma gaya wa mutumin gaskiyar abin da zai sa wa hannu: alkawari ne da kotu ke iya tilastawa, saki ba ya warware shi. Yana ƙarewa ne in kin zama 'yar ƙasa, ko kin tara zangon aiki 40, kimanin shekara goma, ko kin bar ƙasar kin saki matsayinki, ko mutuwa ta zo.

Baban Khalil:

Malam Abu Sadiƙ da Hajiya sun yi bayani. Ni kan ranar aure zan ƙara. In kika shiga Amurka aurenku bai cika shekara biyu ba, katin wucin gadi na shekara biyu za a ba ki, shi ne CR1. In ya cika, IR1 ne, katin shekara goma. Ranar shiga ƙasar ake dubawa, ba ranar da aka buga bizar ba. Ke da kike wata goma sha huɗu, da wuya aikin ya kammala kafin ki kai ko ki kusa. To in biza ta fito saura sati uku ku cika shekara biyu, kuma wa'adinta zai kai, jiran sati ukun zai raba ki da wani dogon aiki. Bizar dai yawanci ba ta wuce wata shida daga ranar gwajin lafiya, kada a yi wasa da wannan.

Gwajin lafiyar sai wurin likitan da ofishin jakadancin ya amince da shi, na wani asibitin ba ya aiki. Ki tafi da katin rigakafinki da na yaron. Takardar 'yan sanda kuwa ta duk mai shekara 16 zuwa sama ce: daga ƙasarki da ƙasar da kike zaune in kin yi wata shida, daga duk wata ƙasa da kika taɓa yin shekara ɗaya, da duk inda aka taɓa kama mutum komai gajartar zamansa. Ranar ganawa asalin takardu za ki riƙe, ba kwafin da aka ɗora ba.

Abin da ya fi kayar da mutane a ganawa saɓanin bayani ne. Duk fom ɗin biza da kika taɓa cikewa yana nan a ajiye. In wani ya taɓa cike miki ya rubuta kina da aure alhali ba ki da shi, ko ya canza ranar haihuwa, ko ya bar yaron, ku nemi lauyan shige da fice kafin a aika komai. In an ba ki takardar 221(g), wato ba a ba ki bizar ba tukuna, kada hankalinki ya tashi, galibi wata takarda ake nema ko ƙarin bincike. Amma a amsa da wuri, domin fayil ɗin da aka bari shekara guda ba motsi ana iya soke shi. Ki kuma riƙa duba shafin ofishin jakadancin, saboda tun watan Yunin 2025 akwai umarnin shugaban ƙasa da ya taƙaita biza ga 'yan wasu ƙasashe, an kuma faɗaɗa jerin daga baya. Amincewar USCIS ba ita ce biza ba.

Ummu Hanif:

Allah Ya saka muku da alheri. To in katin shekara biyun aka ba ni fa? Kuma yaushe zan iya neman zama 'yar ƙasa, ni da yaron?

Abu Sadiƙ:

Amin, Malama. In na shekara biyu ne, ku biyu za ku cike I-751, fom ɗin cire sharaɗin wucin gadi, a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya ƙare. In an aika kafin lokacin za a dawo da shi, in an makara matsayin na iya faɗuwa. Hujjar da ake so a nan ta zaman tare ce: yarjejeniyar haya da sunayenku biyu, asusun banki na haɗin gwiwa da ake amfani da shi da gaske, harajin da kuka cike tare, inshora, takardar haihuwar yara in Allah Ya kawo. A fara tarawa tun watan farko. In aure ya mutu, ko miji ya rasu, ko ana cutar da mace, tana iya cikewa ita kaɗai ta nemi a ɗauke mata sharaɗin haɗin gwiwa. Wannan ya kamata kowace mace ta sani, domin akwai masu tsoratar da matansu da kati. Tsaurin nan duka daga dokar 1986 ya samo asali, wadda aka yi don daƙile auren takarda. Hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000, kuma wanda aka samu da shi ba za a sake amincewa da wani I-130 a kansa ba.

Zama 'yar ƙasa da fom N-400 ne. Matar ɗan ƙasa shekara uku take jira maimakon biyar, kuma shekarun katin wucin gadi suna cikin lissafi. Sharaɗin shi ne kuna tare a aure a duk shekara ukun, shi kuma ɗan ƙasa ne a duk tsawonsu, kin yi aƙalla wata 18 a cikin ƙasar, da wata uku a jihar da za ki nema. Ana iya aikawa saura kwana 90 shekara ukun su cika. Tafiyar da ta haura wata shida tana sa a ɗauka kin katse zama sai kin kawo hujja, ta shekara ɗaya kuwa ta katse shi. Kafin rantsuwa kada ki yi rajistar zaɓe, kada ki amsa cewa ke 'yar ƙasa ce a kowane fom, ko na neman aiki ne. In kun sauya gida a sanar da USCIS cikin kwana goma da AR-11.

Yaron ba zai samu zama ɗan ƙasa ta hannun maigidan ba, sai in ya ɗauke shi ɗa a kotu bisa sharuɗɗan doka. Ta hannunki zai samu. Ranar da kika yi rantsuwa, in bai kai 18 ba, yana da girin kad, yana zaune tare da ke a Amurka kuma riƙonsa na hannunki a shari'a, ya zama ɗan ƙasa kai tsaye ƙarƙashin dokar shekarar 2000. Sai a nema masa fasfo ko takardar shaida da N-600, kuma a nan za a tambaye ki takardar riƙon da na ce ki nema tun yanzu.